Jan Kwaɗo a Ɗakin Janareto

Kawuna ba ya iya shiga wuri a ɓoye ko da ya so. Tun yana bakin ƙofa za ka ji shi, kacau-kacau, saboda damin makullan da ke rataye a ƙugunsa. Ma'aikatan masana'antar ƙanƙararsa sun daɗe suna sa wa wannan dami albarka, don shi ke ba mai gyangyaɗi damar miƙewa ya rarumi tsintsiya. Akwai makullin ofis, da na ɗakin sanyi, da na janareto, da na tankin mai, da na banɗaki, har da na wata durowa da aka sayar tun ina firamare. Ban taɓa ganin ya cire ko ɗaya ba. A wurin Kawu, a ce akwai kwaɗo a cikin harabarsa wanda ba shi da makullinsa, zagi ne tsagwaronsa.

Shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce. Sunan kakata aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai "Uwata", ko faɗa yake yi mini. Ranar da na ce lantarki zan karanta dangi suka yi ta dariya, wai mace da hawan falwaya, shi kuwa ya fita, ya dawo da akwatin kayan aiki ya dire a gabana. Tun da nake ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba. Ba tsoro ba ne. Ina ƙaunarsa ne, kuma bakina bai taɓa koyon hanyar ba.

Da ya gaji da shayar da janareto mai, sai ya ba ni aikin rufe saman masana'antar da farantan sola. Shi ne aiki mafi girma da na taɓa riƙewa. Ba irin na gida ba ne mai batir a bayan ƙofa. Wannan da babban layin kamfanin wuta za a haɗa shi. Da rana injinan sanyi su sha daga rufi, abin da ya yi saura ya bi waya ya fita titi, sabuwar mita kuma ta riƙa lura da wutar da ta shigo da wadda ta fita. Wannan na fitar shi ya fi yi wa Kawu daɗi.

"Wato su ma za su sha tawa?" ya tambaye ni.

"Za su sha, Kawu."

"Madalla. Ranar da na ga dama ni ma in ɗauke musu, su ji yadda ake ji."

Muka gama ɗaura farantai, muka jera inbatoci a bango, wato akwatunan da ke mayar da wutar rana irin ta layi, muka ja sabuwar waya mai kaurin hannun jariri daga babban allon rarraba wuta har gindin falwaya. Daga nan kuma sai jira. Ba a kunna irin wannan aiki sai mutanen kamfani sun zo da kansu sun kashe layi sun haɗa, su kuwa ba su san wani abu wai shi sauri ba. Kullum da hantsi Kawu zai fito tsakar harabar, ya kare ido da hannu, ya dubi rana tana zuba a kan farantan da ba su fara aiki ba, ya ce, "Dubi asara, don Allah." Kamar ni na hana ta shiga waya.

Da aka sa mana rana, na tara ma'aikata na yi musu bayani dalla-dalla. Za a ɗauke wuta tun da safe. Ƙanƙarar da ke ɗakin sanyi za ta kai yamma lafiya muddin ba a yi ta buɗe ƙofa ba. Abu guda ne haram: janareto. Mun kwance tsohon makunnin da ke raba wutar inji da ta layi, sabon kuma ba zai fara aiki ba sai an gama haɗin. Saboda haka duk wanda ya tura wutar janareto cikin allo a wannan rana, ba ɗakin sanyi kaɗai za ta je ba, za ta bi sabuwar wayar nan ta fita, kuma a ƙarshen wayar akwai hannun mutum.

Kowa ya gyaɗa kai. Kawu ya fi kowa gyaɗawa, har ya ƙara nasa wa'azin a kai, ya nuna Baba Mai Inji da yatsa. Wannan tsoho shi ke kula da janareto tun kafin a yaye ni.

"Ga abin tsoron nan," in ji Kawu. "Mutumin nan ko a mafarki ya ji an ɗauke wuta sai ya tashi yana laluben inji. Baba, gobe ka zauna a gida ka yi wasa da jikoki."

Baba Mai Inji ya ji haushi, amma hutu hutu ne, bai yi musu ba.

Washegari da sassafe na shiga ɗakin janareto. Ɗaki ne ƙarami mai warin baƙin mai, da taga guda mai kallon titi. Inji na tsakiya, a bango kuma ga akwatin ƙarfe mai dogon hannu, wanda in an ɗaga shi wutar inji ke shiga masana'anta. Na sauke hannun ƙasa, na zura jan kwaɗona a hujinsa, na datse. Ina juyowa na ji kacau-kacau, sai ga Kawu a bakin ƙofa, ya miƙo tafin hannu ko kallona bai yi ba, yadda mutum ke karɓar canjinsa a shago.

"Kawu, makullinsa ɗaya ne."

"To ai ɗayan nake nufi."

"Na wanda zai hau falwaya ne. A jikinsa zai zauna har ya sauko. Haka ake yin aikin."

Ya sauke hannun a hankali, ya dube ni sama da ƙasa kamar an musanya masa ni a hanya.

"Uwata, ɗakin nan wa ya gina shi?"

"Kai ne."

"Injin fa, daga sama ya faɗo?"

"Kai ka saya, Kawu."

"Jiya wa ya tsaya a gaban jama'a ya ce kada a taɓa shi? Ba ni ba ne? Wa ya kori Baba? To ni ne mahaukacin da zan zo in kunna? Ni kike kulle wa ƙofa a cikin gidana?"

"Ba kai nake kulle wa ba. Kowa nake kulle wa, har da ni kaina."

"Kowa! Yau ni ne kowa."

Ya juya zai fita, sai ya tsaya ya ce, ba da tsawa ba, wanda ya sa abin ya fi ciwo, "Ki gama aikinki ki kwashe kayanki. Gyaran gaba zan nemo wanda ya san mai gida." Ya tafi, makullan ma kamar sun rage ƙara.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba aikin gaba ne ya dame ni ba, aiki ai ana samu. Mutumin da ya saya mini filaya ta farko ne yake ganin na raina shi. Na tsaya a ɗakin da ɗan makullin nan a hannuna, abu bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ina jin kamar in jefa shi a tankin mai kowa ya huta.

Mutanen kamfani kuma, kamar yadda suka saba, suka ƙi zuwa da wuri. Hantsi ya yi, ba su ba labarinsu. Wadda ta zo ita ce Inna, matar Kawu, ɗauke da kular abincinsa. Ta leƙa ofis, ta fito da sauri, ta same ni a gindin inbatoci ina goge abin da ba shi da ƙura.

"Me kika yi wa tsohon naki? Na yi masa sallama ya amsa wa bango."

Na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke ma dai da ƙuruciya. Ba ki da wani tsohon makulli a akwatinki? Ki ba shi ya rataya, ransa ya yi sanyi. Ni nan rabin makullan da ke jikinsa ban san me suke buɗewa ba, shi ma bai sani ba."

"Inna, kin manta mijinki? Kafin ya rataya sai ya gwada."

"Haka ne fa. Ranar da aka kawo ni ma sai da ya gwada na akwatina." Ta gyara mayafi. "To ki ba shi na gasken mana. Wa zai sani? Mutumin da ya yi rantsuwa ba zai taɓa ba."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Kawu ba yaro ba ne, ba mashayi ba ne, ya fi kowa fahimtar bayanin jiya. In na ba shi zai rataya ne kawai, ya yi ta kacau-kacau da shi har yamma, mu rabu lafiya. Na sa hannu a aljihu na nufi ofis, ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Ina tsakiyar harabar motar kamfani ta shigo da tsani a bayanta. Wani dogon mutum ya diro, hular kwano a hammata, waya a kunne, yana cewa, "To ki ba ta ta yi wasa da shi mana, ke ce babba. A'a, kada ki cije ta. In na dawo zan raba ku." Ya kashe, ya dube ni yana murmushi. "'Yan mata biyu gare ni, kullum sai na yi alƙalanci. Ke ce injiniyar? Dogo suke ce mini, kin ga dalili. Ni zan hau."

Kawu ya fito bakin ofis ya tsaya, hannu a baya. Na dube shi, na dubi Dogo. Sai na ciro makullin na miƙa wa Dogo a gaban idon Kawu, na ce, "Na janareto ne. Zo ka ga kwaɗon da idonka."

Dogo ya bi ni, ya jijjiga kwaɗon, ya gwada ɗaga hannun akwatin ya ga ba ya motsi, sannan ya zura makullin a wata igiya da ke wuyansa ya jefa cikin riga. Da muka fito Kawu ya tare shi da ruwan sanyi da fara'ar da ban samu ba tun safe. Na san inda aka dosa.

"Sannu da zuwa, sannu da ƙoƙari. Wannan ɗan makullin, kada ya faɗi maka a sama. Kawo in ajiye maka, nan wurina ba abin da ke ɓata."

"Na gode, maigida," in ji Dogo, ya shanye ruwan tas. "Ai ni matata ma ba na ba ta ajiyar wannan, kuma ita ke riƙe da katin bankina."

Kawu ya yi dariyar yaƙe ya koma ofis ya rufo ƙofa.

Abokan aikin Dogo suka je wurin taransifoma suka kashe layi. Injinan sanyi suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, fankoki suka yi ta juyi a hankali har suka tsaya. Dogo ya gwada wayoyi ya tabbatar ba wuta, ya jingina tsani, ya hau. Ni kuma na koma ciki wurin allo da ma'aikatana, muna ɗaure namu ɓangaren. Aiki ya yi ta tafiya sumul. Rana ta take, masana'anta ta yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba a cikinta, har kana jin ɗigar ruwa daga bututu. Inna ta wuce da kula babu komai a ciki, ta ce mini fushin bai hana shi cinyewa ba, yanzu ma ya miƙe a doguwar kujera yana barci.

Ina durƙushe ina ɗaure wani noti na ji janareto ya yi tari, ya sake yi, sannan ya kama da rurin nan nasa da ke girgiza bango.

Ban san lokacin da na yar da sifana ba. Na san na sa kwaɗo, da hannuna na datse shi, amma ƙafafuna ba su tsaya jin wannan bayani ba. Na ratsa harabar a guje ina kiran sunan Allah, na faɗa ɗakin.

Kawu ne. Ba hula, ba takalmi, shatin kujera a kumatunsa, idanunsa rabi a rufe. Makullin inji dama yana cikin daminsa, da shi ya tayar. Yanzu ya kama hannun akwatin da hannu biyu yana ɗagawa, kwaɗo na hana shi, yana ƙara ɗagawa. Da ya ga ya ƙi, sai ya jawo damin ya fara zura makullai a jan kwaɗon ɗaya bayan ɗaya, da sauri, yana gunaguni, "Ƙanƙara za ta narke, ina Baba ya shiga, ƙanƙara za ta narke."

"Kawu!"

Bai ji ni ba saboda ƙarar inji. Na kama damtsensa na girgiza. Ya juyo a fusace, ya buɗe baki zai yi mini faɗa, sai idonsa ya wuce kafaɗata ya faɗa kan taga.

Daga nan ana hango falwayar sosai. Dogo na can sama, bakin sabuwar wayar a hannunsa na dama, tagullar a fili tana ƙyalli. Ya daskare, ya juyo yana kallon ɗakin da hayaƙi ke fita, hannunsa na hagu dafe da ƙirji, daidai inda makullin yake cikin riga.

Na ga barcin ya bar fuskar Kawu gaba ɗaya. Ya saki damin, ya juya ya kashe inji, shirun ya dawo. Ya jingina da bango ya zame har ƙasa, cikin baƙin man da kullum yake yi wa Baba faɗa a kansa.

"Na farka na ji shiru," ya ce. "Fanka ba ta juyi, injina ba sa kuka. Wallahi, Uwata, ban tuna komai ba. Ban ma san na taso ba, sai ganina na yi a nan."

"Na sani, Kawu."

"Shekara da shekaru, in na ji shirun nan gudu nake yi." Ya dubi hannayensa kamar na aro ne. "Da kin ba ni da safe..."

Na zauna kusa da shi a cikin man. Tausayinsa ya kama ni fiye da tsoron da na ji. Sai ya share fuska da hannun riga, ya harare ni ta gefen ido.

"Wai wa ya koya miki wannan taurin kan?"

"A gidan da na tashi ake rabawa kyauta."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta gama fita ba, ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya fita. Na bi bayansa. Ya ratsa harabar ba takalmi a kan simintin da rana ta gasa, ya fita ƙofa, ya tsaya a gindin falwaya ya ɗaga kai. Ma'aikata duk sun fito sun yi cirko-cirko.

"Bawan Allah," ya ce da ƙarfi, kowa na ji, "ni ne na tayar da injin. Ba yaro ba ne, ba kowa ba ne, ni ne. Ka yafe mini."

Dogo ya sauke ajiyar zuciya, ya leƙo ƙasa. "Ba komai, maigida. Ka ce a ƙaro ruwan sanyin nan, na ɗazu ya fita ta goshi."

Aka yi dariya, aka ruga kawo ruwa. Ɗaya daga cikin mutanen kamfani ne ke riƙe da tsanin, sai Kawu ya matsa ya ce masa, "Ɗan ba ni nan." Mutumin ya dube ni, na ɗaga masa gira, ya saki. Kawu ya kama tsanin da hannu biyu, ya tokare shi da ƙafa.

Dogo ya ci gaba da aiki. Na koma ciki muka ƙarasa namu ɗaurin, na gwada abin gwadawa, na sake fitowa. Kawu na nan inda na bar shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya saboda zafin ƙasa. Wani ya kawo masa takalmansa ya ajiye a gefe, bai saki tsanin ya sa ba. Mai masana'anta guda, masu wucewa suna ta waiwayensa.

"Saura waya ɗaya!" in ji Dogo daga sama. "Yau rana za ta fara biyan haya."

Na matsa kusa da Kawu na ce a hankali, "Ka shiga inuwa haka nan, ka bar wa yara. Tsanin ma a ɗaure yake ta sama, ba inda za shi."

"Na ga igiyar," ya ce, bai sauke ido daga kan Dogo ba. "Ba don tsanin nake riƙewa ba. Hannuwan nan nawa ne ba na so in bar su ba aikin yi, sai mutumin nan ya sauko ya tafi ya raba 'ya'yansa faɗa."